Ba a Gaisawa a Kan Kujerar Tabki

Kowace shekara, da an ce an buɗe rajistar koyon ceto a ruwa, sai in gan ku kun cika ɗakin nan na Bron, a gefen birnin Lyon, 'ya'yan abokaina da jikokinsu, kowa da sabon tabarau a goshi. Na san abin da ya kawo ku, kada ma ku wahalar da bakinku. Kun je tabki kun hango mutum a bisa doguwar kujera, laima a kansa, usur a wuya, kun ce ai wannan zama kawai ake biyansa ya yi. Jiya ma ɗiyar Hajiya Rabi ke ce mini, "Tonton Isuhu, c'est facile, ba wuya, ni fa tun ina ƙaramar makaranta nake iyo." To madalla. Kifi ma yana iyo, ban taɓa jin ya fid da kowa ba. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don ni ba na maimaita magana.

Ni mutumin Madarunfa ne, can ƙasar Maraɗi. A tabkinmu na koyi iyo, ba malami ba kowa: ka faɗa, ka sha ruwa, ka fito ka yi amai, gobe ka koma. Kuma ba iyo ya kai ni Paris ba. Wani ɗan kasuwa na garinmu, Alhaji Mamman, shi ya sauke ni a ɗakinsa kusa da Porte de la Chapelle, ya ba ni katifa da bargo, ya sa ni ɗaure kwalayen kayan da yake aikawa gida. Shekara huɗu ina cin tuwonsa, bai taɓa ɓata mini fuska ba. Da takarduna suka fito na samu aikin shara a wani pisin, wato wurin iyo na unguwa. Goge daɓe, kwashe gashi daga magudana, warin maganin ruwa ya bi ka har cikin abincinka.

Wata safiya kafin a buɗe ƙofa, makullan ɗakin kaya suka suɓuce wa wata mata suka faɗa can wuri mai zurfi. Na ajiye tsintsiya na bi su da rigata, na fito da su. Matar ta tsaya tana kallona, gajera ce, gashinta ya fara fari, agogon auna lokaci rataye a wuyanta.

"Wa ya koya maka iyo?"

Na ce, "Tabki."

"Da gani. Kana yi kamar kun yi faɗa da ruwan. Ka zo ranar Asabar."

Madam Odil ke nan. Malama ce a wannan ƙungiya tamu, mai rassa ko'ina a Faransa, wadda ke koya wa mutane ceto, kuma yawancin malamanta ba a biyansu, don Allah suke yi, ko da yake ita ba da wannan sunan take kiran abin ba. Na shekara biyu a hannunta. Ban taɓa jin ta ce na yi daidai ba. Idan ta yi shiru, to ka ci.

Aikin farko da ta ba ni shi ne ɗauko mutum-mutumi daga ƙasa. Za ku gan shi gobe, na roba ne, ba hannu ba ƙafa, ana ɗura masa ruwa ya yi nauyi. Mu Mushe muke ce masa. Ka nutsa, ka riƙo shi ta haɓa, ka taso, ka ja shi kana kwance da baya, fuskarsa kuma ba za ta taɓa ruwa ba. Ranar farko na kawo shi bakin pisin ina haki ina jin na yi bajinta, sai ta ce, "Ka kawo gawa da sauri, sannu." Ashe tun daga tsakiya hancinsa a ruwa yake. Sauran kayan ba su da yawa: doguwar sandar da ake miƙa wa mutum, robar da ake ɗaura masa a ƙirji, takalman roba masu faɗi na ƙafa, tulun iskar numfashi, na'urar tayar da zuciya, rediyon hannu, da littafin da ake rubuta abin da ya faru kowace rana. Duk wannan a wata uku ka iya shi. Abin da ke cin shekaru shi ne kallo.

Wanda ke nutsewa ba ya ihu. Ku cire wannan daga kanku, na talabijin ne. Mai ihu yana da iska a ƙirji, shi da sauƙi. Wanda ruwa ya kama tsaye yake, kai a baya, baki na hawa yana sauka daidai da ruwa, hannuwa na dannawa kamar mai neman tsani. Idonsa a buɗe, amma ba ya ganin kowa. Mutane na wasa taku biyu daga gare shi ba su sani ba. Kai da ke sama kai kaɗai aka ɗora don ka gani. Ka share wurinka da ido daga hagu zuwa dama, ka duba ƙasa, ka ƙirga kawuna, ka dawo. Wanda ka ga iyonsa bai yi maka ba, ka riƙe shi a ka, duk zagaye ka nemo shi. Haka za ka yi har wanda zai canje ka ya zo, ko da fitsari zai kashe ka.

Wata Asabar Madam Odil ta ɗora ni a kujera ta ce in tsare pisin, 'yan ajinmu na iyo. Sai ga wani ɗan Tawa da muke shara tare ya leƙo, ya ce, "Isuhu, ina kwana?" Na juya. Ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina sanyi, ya labarin gida, an samu ruwa bana? Kun dai san yadda muke yi, ko da yake ku yanzu "ça va" ɗaya kun gama. Da na juyo sai na gan ta a gindin kujera tana nuna mini agogo.

"Minti ɗaya da rabi. Ina Mushe?"

Na duba. Yana can kwance a ƙasa. Ashe ina juya kai ta tura shi da ƙafa.

Ta ce, "Ka tambayi lafiyar matarsa da 'ya'yansa, ina jin har ta awakinsa ka tambaya. Wannan na ƙasa fa, wa zai je ya gaida matarsa?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce mata mu a wurinmu wanda ba ya gaisuwa ba mutum ba ne. Ta ce, "Ka sauko ka yi ta gaisuwa har gobe, ba ruwana. Amma in kana bisa kujera, idonka ba naka ba ne." Na ce to, na ji. A zuciyata kuwa cewa na yi, Nasara dai ba su san mutunci ba.

Da na samu takardar shaida sai aka ce reshen Lyon na neman mutane. Na tattaro na taho. Lokacin sanyi ina pisin a nan Bron, da zafi kuma a kai mu wani tabki a bayan gari, inda aka zuba rairayi aka kewaye wurin wanka da igiya mai balan-balan. Tabki ba pisin ba ne. Ruwansa duhu ne, ka sa hannunka ba ka ganin yatsu, ga ciyawa a ƙasa, ga rami inda ba ka zata ba. Masu zuwa kuwa iri-iri. Akwai uwar da za ta ajiye maka 'ya'ya huɗu ta juya baya ta kama waya, kamar kai ka haifa mata su. Akwai samarin da ke tsallake igiya don 'yan mata su gani. Akwai tsofaffi masu zuwa da sassafe, su ba sa ba ka wahala sai ranar da zuciya ta tsaya. Akwai kuma namu, 'yan Afirka, waɗanda ba su iya ba amma kunya ba za ta bar su su faɗa ba.

Mutum na farko da na fid da a tabkin wani ƙato ne, ya ninka ni biyu. Na yi kuskure na zo masa ta gaba, ya rungume ni muka yi ƙasa tare. Mai nutsewa ba shi da imani, ko uwarsa ce zai taka ta ya hau. Na yi abin da aka koya mini, na ƙara nutsewa da gangan, ya sake ni don shi sama yake so, na zagayo ta bayansa. Wannan haƙorin da kuke gani babu, gwiwar hannunsa ce. Da ya gama amai ya ɗauki tawul ɗinsa ya tafi, ko kallona bai yi ba. Kada ku jira godiya. Yawancinsu kunya suke ji, in sun hango ka a tiram, jirgin nan na cikin gari, sai su canja kujera.

Shekara goma sha ɗaya na yi a haka, ba a taɓa rasa kowa a wurina ba. Har na fara ji da kaina. Sai wata shekara ta zo.

Zafi aka yi irin wanda tsofaffi ke mutuwa a ɗaka. Kowa ya gudo tabki, mu kuma ba mu da yawa, biyu sun yi rashin lafiya. Ranar Lahadi ce bayan azahar, ina bisa kujera, kawuna a gabana ba su ƙirguwa. Akwai wani mutum da na riƙe a ka, zai yi shekara arba'in, mai sanƙo, yana iyo kusa da igiya yana ɗaga kai da yawa. Sau uku ina nemo shi ina ganinsa. Sai na ji murya a bayana.

"Salamu alaikum! Isuhu ɗan Madarunfa!"

Alhaji Mamman ne. Ya zo bikin suna a Lyon, aka ce masa ina tabki, ya sa aka kawo shi. Shekara bakwai rabona da shi. Ga shi tsaye cikin rairayi da babbar riga, ya riƙe takalmansa a hannu, yana dariya. Mutumin da ya ba ni katifa. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna da kansu suka sauko. Na cire tabarau, na durƙusa.

"Alhaji, sannu da zuwa. Ina hanya?"

"Lahiya lau. Ina aiki, ina iyali?"

"Lahiya lau. Ina Hajiya? Ya ƙafar nan taka?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Kai, Isuhu, ka yi ƙiba!"

Ina ce wa kaina ido ɗaya na kan ruwa. Ƙarya ne. Ba a durƙusa wa babba da ido ɗaya. Da na miƙe na juya, na nemi mai sanƙo. Babu. Na duba bakin rairayi, babu. Ba wanda ya yi ihu, yara na ta wasan ƙwallo daidai inda yake.

Na busa usur, na kira a rediyo, na faɗa. Nutso na farko ciyawa na damƙo. Na biyu ba komai. A na uku hannuna ya taɓa diddige. Na fito da shi leɓɓansa sun yi shuɗi. Muka shimfiɗa shi, na hura masa iska, na hau danna ƙirji, talatin, hura biyu, talatin, hura biyu. Na ji haƙarƙarinsa ya karye a ƙarƙashin hannuna, ban tsaya ba, ba a tsayawa. Abokiyar aikina ta manna masa na'ura. Kafin 'yan kwana-kwana su iso zuciyarsa ta dawo.

Zuciyar ce kawai ta dawo. Antoniyo sunansa, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wata masana'anta a Saint-Fons, 'ya'yansa mata biyu. Ƙwaƙwalwarsa ta daɗe ba iska. Yana nan da rai har yau, a keken guragu, ba ya magana, matarsa ke ba shi abinci da cokali.

Aka yi bincike. Na faɗa musu da bakina cewa na sauka daga kujera, na faɗi dalili. Wanda ke rubutawa ya ɗago kai ya ce, "Gaisuwa?" Na ce e, gaisuwa. Aka dakatar da ni sauran lokacin zafin. Likitoci suka ce wataƙila zuciyarsa ce ta fara tsayawa, wataƙila ko ina sama haka abin zai kasance. Wannan wataƙilar ba ta taɓa yi mini amfanin komai ba. Madam Odil ta kira ni daga Paris, ta riga ta tsufa ta bar aiki. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Minti nawa?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ka sani." Alhaji shi ma ya kira, ya ce, "Isuhu, ƙaddara ce." Na ce, "Ƙaddara ce, Alhaji, amma ni aka ɗora a kujerar." Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Matar Antoniyo kuwa, duk sabuwar shekara sai ta aiko mini da kati tana godiya na ceci mijinta. An gaya mata komai, amma ba ta fasa ba. Na fi son ta zage ni.

Da na koma aiki na yi wa kaina doka. In ina sama, sallama kawai nake amsawa, da baki, ba na juya kai ko wane ne. Mutanenmu ba su ɗauke ta da sauƙi ba. Aka ce Isuhu ya yi girman kai, an ba shi usur ya zama Nasara. Wani Malam ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce ya zo da baƙi na kunyata shi. Na yi bayani har na gaji, na daina. Matata ma ta ce, "Malam, ko ɗaga hannu ai ka yi." Na ce daga ɗaga hannu ake farawa.

Shekara shida bayan haka aka kawo kawuna Paris aikin ido. Kawu Habu, ƙanen mahaifiyata, shi ya riƙe ni da ubana ya rasu, shi ya sayar da shanunsa biyu na yi kuɗin jirgi. Rabona da shi tun zuwana gida na ƙarshe, shekara tara. Mun shirya zan hau jirgin ƙasa in same shi ranar hutuna. Shi kuwa da aka buɗe masa ido ya ce ba zai jira ba, so yake ya fara ganina da sabon idonsa a wurin aikina. Wasu 'yan garinmu masu zuwa Lyon ɗaukar kaya suka sako shi a mota, ba wanda ya gaya mini.

Ina sama, ranar Asabar, ruwa cike. Saura minti ashirin a canje ni. Na ji sallama a gindin kujera, ta dama. Ko cikin barci na san wannan muryar.

Na ce, "Wa alaikumus salam. Kawu, sannu da zuwa. Ka yi mini haƙuri, ka zauna a inuwa, minti ashirin in sauko."

Ban juya ba. Akwai wata mata da yara biyu a kan katifar iska, iska na tura su wajen igiya, ga wani tsoho da na riƙe a ka. Na kira a rediyo a zo a karɓe ni, aka ce abokin aikina na ɗaure wa wani ƙafa, kwalba ta yanke shi, in jira.

"Isuhu. Ni ne fa, Habu."

"Na sani, Kawu. Don Allah ka jira ni."

Ku duba abin da idonsa ya gani. Ɗan da ya raina, zaune a sama da kansa, da gajeren wando, da baƙin tabarau, yana ba shi amsa yana kallon matan Nasara na wanka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kawo shi ya ce, "Haba Isuhu, ka ji tsoron Allah mana!" Sai Kawu ya miƙo hannu sama. Ta gefen ido na gan shi, daidai gwiwata, ya tsaya a nan yana jira. Wuyana har ciwo yake don son juyawa. Na ƙirga kawuna. Na nemo tsohon, na gan shi. Na nemo yaran, na gan su. Da na sake zagayowa hannun ba ya nan.

Da aka canje ni na bi rairayin da gudu har wurin ajiye motoci. Sun tafi. Na kira waya, direban ya ce Kawu ya ce a gaya mini ya gan ni, ya ga inda na kai, ya gode. Na bi shi Paris ranar hutuna, aka ce ya sa an matso da tafiyarsa, jiya ya tashi. Na yi ta kira gida, kullum a ce yana gona, ko yana barci. Na sayi tikiti na watan da za a rufe tabki. Saura sati uku ya rasu.

Ranar da Kawu ya zo tabki ba wanda ya nutse. Matar ta jawo katifarta da kanta, tsohon ya fito ya shanya jikinsa ya tafi gida. Da yamma ni na rubuta a littafi da hannuna cewa babu abin da ya faru. Da a ce na sauko na rungume Kawu, da ba abin da zai samu kowa. Amma wannan sai daga baya ake saninsa, a bisa kujera ba a sani. Abin ya yi mini ciwo, yana kuma yi mini har gobe, ba zan ɓoye muku ba.

To ga aikin da kuka ce zama ne. Wanda ya san in uwarsa ta kira shi zai waiwaya, ya tashi tun yanzu, ba zan ga laifinsa ba, wataƙila ma ya fi ni hankali. 'Yan uwana suna ce mini Kawu ya rame a ƙarshe, gemunsa ya yi fari fat. Sai dai in ce musu to. Ni hannunsa kawai na gani.